Kiɗan Bakin Gulbin Kabi

Ƙasar Kabi ba ta da teku, amma tana da gulbi, kuma a bakinsa kiɗanta ya girma. Daular da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai hedikwata a Surame, ta bar mana gadon kiɗa iri biyu: tambarin fada, da gangar da ke zuga masunta su faɗa ruwa.

A 1805 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kabi, daga baya Kabawa suka kafa sabuwar fada a Argungu. Shekaru da dama aka yi ana fafatawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Wanda ya ji tambari a wancan zamani, ko a Diggi yake ko a Kalgo, ya san ba biki ake kira ba.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali. Masunta na iyo da homa da gora, makaɗa na cikin kwalekwale suna kiɗa da kirari, har a fito da giwan ruwa. Ganga ta zama ta sulhu. Fadar ma ta riƙe mawaƙa irin su Aliyu Dandawo, wanda ɗansa Sani ya yi suna a Yawuri, bakin kogin Kwara.

UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, amma a lokacin an daina yin sa. Sai a 2020 aka dawo bayan kusan shekara goma. Makaɗin sana'a kuwa da sana'ar yake ci. In su ya tsaya, ɗansa sai ya nemi wani abin yi.

Abin da ya rage yana yawo a memori da WhatsApp, mafi yawa ba sunan makaɗi, ba gari, ba shekara. Tsofaffin da za su gane muryar suna ƙarewa. In kana da irin wannan waƙa a wayarka, kunna wa wani dattijo, ka rubuta sunan da ya faɗa a jikin fayil ɗin kafin ka tura wa wani.