Idan Likita Ya Sauya wa Yaro Maganin Ƙwaƙwalwa: Bayani ga Iyaye 'Yan Nguru da Gashuwa Mazauna Kudu

Da yawanmu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Shagamu, ƙafarmu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Yaro ya yi zangon karatu a Legas, hutu ya tafi wajen kakanni a Nguru ko Gashuwa. Idan yana shan maganin ƙwaƙwalwa, musamman a lokacin da likita ke sauya masa, wannan kai-da-kawo yana bukatar shiri. Ni ma ina renon irin wannan yaro, shi ya sa na tattaro abin da na sani.

Wace larura ce?

Akwai matsalar rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce ƙima, wadda likitoci ke kira ADHD. Yaro ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya ƙarasa abin da ya fara, a boko haka, a islamiyya haka. Akwai kuma larurar yanayin rai: ciwon damuwa mai hana ci da walwala, ko wanda ke sa yaro ya yi kwanaki yana zumuɗi ba barci, sannan ya faɗa cikin ƙunci. Wani yaron kan haɗa biyun. Ba rashin tarbiyya ba ne, kuma duka ba ya maganinsa.

Me ya sa ake sauya magani?

Jikin kowane yaro daban ne. Ko magani bai yi aiki ba, ko illarsa ta yi yawa, ko yaron ya girma har awon ya yi masa kaɗan. Ga waɗanda aka fi sani, da sunayensu na kwali:

Ritalin da Concerta na natsuwa ne. Suna aiki tun ranar farko, amma suna rage cin abinci, suna iya hana barci. Strattera kuwa sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa.

Prozac na ciwon damuwa ne, shi ma makonni yake ɗauka. A makonnin farko a sa ido sosai. Idan yaro ya fara maganar mutuwa ko cutar da kansa, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Risperdal yana rage fushi da tashin hankali, amma yana sa ƙiba. Epilim yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka idan 'yarku ta kusa aure, ku faɗa wa likita tun wuri.

Litiyam da zafin Yobe

Nan ne nake so mu tsaya. Ƙoda ce ke fitar da litiyam daga jiki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Nguru da Gashuwa yakan wuce digiri 40, kuma yankin Gashuwa ya yi suna da yawan ciwon ƙoda. Idan yaro ya yi gumi bai sha ruwa ba, ko ya yi amai da gudawa, maganin yakan taru a jini ya zama guba. Alamun su ne karkarwar hannu, tangaɗi, da harɗewar harshe. A yi gwajin jini da na ƙoda kafin tafiya, a kuma gargaɗi 'yan gida kada su saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis, domin suna ƙara taruwar maganin. Batun azumi kuma, a tambayi likita tukuna, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Aikinmu na iyaye

Likita mintuna kaɗan yake ganin yaro, mu ne idonsa a sauran kwanakin. Ni littafin rubutu na ware: ranar da aka sauya magani, awon, lokacin barci, cin abinci, fushi, da abin da malamai suka ce. Kada a tsayar da magani farat ɗaya, ko da yaro ya ji sauƙi, rage shi ake yi a hankali bisa umarnin likita. Idan da hali, kada tafiya gida ta faɗo a makonnin farko na sauyi. In ta zama dole, a tafi da maganin da zai isa har dawowa, da takardar likita, a damƙa wa mutum ɗaya tak, inna ko gwaggo, ba kowa da kowa ba. Ritalin ba a samunsa a kowane kemis, doka ta tsaurara sayar da shi. Addu'a da ruƙiya ba sa hana shan magani, amma jiƙe-jiƙe a sanar da likita.

Ina za a je?

A Legas akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, mai sashen yara a Oshodi. Akwai na Aro a Abekuta, da UCH a Ibadan. A gida, a fara da FMC Nguru ko babban asibitin Gashuwa, in ta kama a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tanadi kare haƙƙin masu wannan larura. Yaranmu kulawa suke bukata, ba mari ko ɗauri ba.

Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba mu haƙurin renonsu.