Daga Challawa Zuwa Tiga: Wa Ke Koya wa Masu Ba Mu Ruwa?

Ƙasar Rano da Kibiya ba ta rasa ganin ruwa ba. Madatsar Tiga na maƙwabtaka da ita, ga tafkin Ruwan Kanya, ga babbar hanyar ruwan da ke gangarawa gonakin rani na Bunkure da Kura da Kadawa. Ruwan da ake saki cikin Kogin Kano shi ne matatar Tamburawa ke zuƙa ta tace ta tura wa birni. Amma a ƙauyukan yankin, irin su Unguwar Gai, har yau rijiya da famfon tuƙa-tuƙa su ne abin dogaro, kuma ƙasa ce mai dutse a ƙarƙashi, idan bazara ta yi tsanani sai guga ta riƙa dawowa da laka. Mutanen birnin da aka kai wa ruwan su ma jarkar 'yan garuwa suke saye. Kafin a ɗora laifi a kan wani, yana da kyau a duba yadda aka faro.

Ruwan famfo ya shiga birnin Kano a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga Kogin Challawa aka jawo shi, wajen Panshekara, tare da wutar lantarki, kuma da kuɗin Baitulmalin En'e aka yi aikin, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. Injiniyoyi Turawa ne, amma su ba sa shiga rami. 'Yan ƙasa ne suka koyi ɗaura bututu da sauraren kukan inji, suka koya wa yaransu, kamar dai yadda maƙeri ke koya wa ɗan zuga-zugi.

Zango na biyu shi ne na Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975. Fari ya ci Arewa a farkon shekarun 1970, shi kuma ya sa datse koguna a gaba. An fara Tiga a 1971 aka gama a 1974, an tsara ta ta riƙe kusan lita tiriliyan 2. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, yawancin madatsun jihar ma'aikatan gwamnati ne suka gina su da hannunsu, a sashen da ya zama hukumar WRECA. A ganina wannan ya fi madatsun kansu daraja. WRECA makaranta ce wadda ba ta da allo: direban katafila, mai awon ƙasa, mai haƙa burtsatse, kowa ya iya aikinsa ne a gefen wanda ya riga shi. Daga baya aka ware aikin ruwan sha aka ba Hukumar Ruwa ta Jiha, a 1991 aka yanke Jigawa aka raba ma'aikata da kayan aiki, tsofaffin hannu suka yi ta ritaya. Kafin nan ma an ga gargaɗi, domin a watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa.

Gini bai tsaya ba. An kammala madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992. A mulkin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai miliyan 75. Sai dai matata ba ita ce ruwa a famfo ba. Tsakaninta da randar uwargida akwai wutar da za ta juya inji, da alif da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da bututun da ya tsufa yana yoyo a ƙarƙashin kwalta, da wanda ya saci layi, da takardar biyan kuɗin da ba ta isa gidan ba. Babu gwamnan da ke yanka kirtani don an toshe yoyo, shi ya sa wannan ɓangaren ya zama maraya.

Ba Kano kaɗai ke da wannan ciwon ba, kuma maganin da duniya ta fara rubutawa a shekarun 1990 shi ne a miƙa ruwa ga kamfanoni masu zaman kansu. Nijar ta bi wannan hanya a 2001, aka ba kamfanin SEEN mai hannun Faransawa aikin raba ruwa a Yamai da Maradi da Damagaram da sauran garuruwa. A Tanzaniya kuwa an ba wani kamfani ruwan Darussalam a 2003, gwamnati ta kore shi a 2005. Ana cikin wannan ja-in-ja sai aka lura cewa wasu hukumomin gwamnati sun gyara kansu ba tare da an sayar da su ba. A Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar ruwa a 1993, lokacin da fiye da kashi 70 cikin 100 na ruwan da take tacewa ke salwanta tsakanin yoyo da sata. Da sa mita a kowane gida, har gidajen manya, da canza bututu, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Labarin Yuganda ya fi kusa da namu. A 1998 aka naɗa William Muhairwe shugaban hukumar ruwa ta ƙasar, wadda bashi ya yi wa katutu. Ya fara da shirin kwana 100: kowane reshe a ba shi abin da zai cim ma, a auna, a kafa sakamakon kowa ya gani, wanda ya yi ƙoƙari a saka masa. Da abin ya kankama, hukumar ta buɗe sashe na musamman mai tura ma'aikatanta su taimaka wa takwarorinsu a wasu ƙasashen Afirka.

Daga irin waɗannan misalai ne wani kwamitin ba da shawara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin tsohon firaministan Japan Ryutaro Hashimoto, ya kawo shawara a 2006 cewa hukumar ruwan da ta iya ta riƙe hannun wadda ba ta iya ba, ba don riba ba. A 2009 aka kafa ƙawancen GWOPA don haɗa irin wannan abota. Yadda ake yi ba wani abin mamaki ba ne. Mai gyaran bututu na can ya zo ya yi makonni tare da mai gyaran bututu na nan, su bi layi da dare lokacin da gari ya yi shiru suna sauraren yoyo. Akawu ya zauna da akawu su tsabtace rajistar masu biya. Bayan wata shida a dawo a duba. Bambancinsa da ɗan kwangilar ba da shawara shi ne, wannan baƙon shi ma ya taɓa fama da mai gidan da ya ƙi biya da injin da ya mutu ranar Sallah, don haka ana jin maganarsa.

Tsarin yana da iyaka. Takwara ba zai kawo wutar lantarki Tamburawa ba, ba zai tilasta wa ma'aikatun gwamnati su biya bashin ruwan da suka sha ba, kuma idan an sauya shugaban hukuma duk bayan zaɓe, abin da aka koya yakan bi shi gida. A Yuganda Muhairwe ya yi fiye da shekara goma a kujerarsa.

Ga mutumin Unguwar Gai kuwa, hukumar da ta fi shafar sa ita ce RUWASA mai kula da ruwan karkara, da kwamitin gari da ke tara kuɗin gyara. Famfon tuƙa-tuƙa yakan tsaya ne saboda roba ko sanda ɗaya da ta cinye, gyaran da ba ya cin yini ga wanda ya san yadda ake zaro bututun ba tare da ya suɓuce cikin rami ba. Wannan ba a iya shi daga takarda, sai an tsaya kusa da wanda ya saba. A tsakanin Rano da Kibiya da Tudun Wada akwai kwamitocin da famfonsu ke aiki shekara da shekaru, akwai waɗanda nasu ya zama turken awaki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar babur ba.