Neman sawun kaka a kan ruwa: ƙananan jiragen yaƙi na Faransa mai ƴanci

Ruwa ba ya riƙe sawu. Wannan ita ce matsala ta farko ga duk jikan da ya tashi neman labarin kakansa da ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, musamman idan a ƙaramin jirgi ya yi shi. Manyan jiragen yaƙi sun sami marubuta da masu ɗaukar hoto. Ƙananan kuwa galibi ko suna ba su da shi, sai lamba.

Runduna ta 23 ta jiragen kai hari na Faransa mai ƴanci misali ce mai kyau. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, sojojin ruwan da suka amsa kiran Janar De Gol sun taru a Ingila. Ingilishi suka ba su aron jirage takwas, waɗanda Faransawa ke kira vedette, aka girke su a Kingswear, a bakin kogin Dart, daga 1943 zuwa 1944. Kowane jirgi na katako ne, tsawonsa wajen mita 22, da injuna uku masu shan fetur, da topido biyu, wato bam mai tafiya a ƙarƙashin ruwa. Mutanen cikinsa goma sha ne kawai. Da dare suke fita su yi kwanton ɓauna ga jiragen Jamus kusa da tsibiran Jersey da Guernsey, su juyo gida kafin gari ya waye. Ɗan Janar ɗin ma, Philippe, wanda ya rasu a 2024, a cikin wannan runduna ya yi aiki.

Mai bincike yakan fara da abin da ke cikin akwatin gida: littafin soja, lambar yabo, ko tsohon hoto. Abin da ya fi kome daraja a nan shi ne lambar da aka ba mutum ranar da ya shiga aiki, domin suna kaɗai yana iya ɓatar da mai nema. Da yawa daga cikin sojojin Faransa mai ƴanci sun ɗauki sunan aro don kada a cutar da iyalansu da ke ƙarƙashin mamayar Jamus. Ke nan mutum ɗaya yana iya bayyana da suna biyu, a takardu biyu.

Daga nan sai gidajen ajiyar tarihi. Ma'aikatar tsaron Faransa tana da babbar taska a Vincennes, inda aka adana fayiloli fiye da 600,000 na waɗanda suka nemi a shaida gwagwarmayarsu. Ana iya duba jerin sunayensu ta intanet a shafin Mémoire des hommes. Tun da jiragen suna ƙarƙashin umarnin sojan ruwan Ingila ne, dole a leƙa taskar Kew da ke Landan, inda rahotannin fita suke cikin Ingilishi.

To amma takarda tana da iyaka. Za ta faɗi ranar fita da lambar jirgi. Ba za ta faɗi sanyin teku ba, ko fargabar saurayin da ke zaune bisa tankin fetur alhali harsasai na ratsa katako. Wannan sai a bakin waɗanda suka ji daga gare shi, su kuma kullum raguwa suke yi. Labarin baka yakan rikita shekaru, takarda takan manta mutum. Sai an gwama su ake samun abin dogaro.

Darasin bai tsaya ga jikokin matuƙa ba. A Maradi da Damagaram da Tawa akwai gidajen da kakanninsu suka yi wannan yaƙi a sojan ƙasa, kuma takardun da yawa daga cikinsu suna ajiye a birnin Pau. Malamin da ya aiki ɗalibansa su kwafo lambar da ke littafin kaka, su kuma zauna gaban tsohuwar gida da alƙalami, ya ceci abin da jinkiri zai cinye.