Ƙarfen Da Ya Yi Tauri Ana Hutun Lahadi

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san yadda ake yi wa bakin gatari: a gasa shi ya yi jawur, a tsoma a ruwa, nan take ya yi tauri. Wannan dabara ce wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya so ya gwada a kan alminiyum, wanda ba shi da nauyi amma ya cika laushi. A ɗakin bincike na Neubabelsberg kusa da Balin, ya yi shekaru yana gasawa yana tsomawa, abin ya ƙi.

A 1906 ya haɗa alminiyum da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam. Aka gasa shi a zafin da ya ɗara digiri 500, aka tsoma a ruwa. Ranar Asabar ce, aka auna taurinsa a gurguje aka tashi. Da aka dawo ranar Litinin, sai aka tarar ya ƙara tauri ƙwarai, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ya ci gaba da ƙaruwa har kwana huɗu ko biyar. Malamanmu na kimiyya da suka matsa mana da sake awo, ga hujjarku.

Wani kamfani a garin Duren ya karɓi haƙƙin sarrafa shi da sunan Duralumin. Da shi aka ƙera ƙashin jiragen Zeppelin, sannan jirgin fasinja na Junkers F 13 a 1919.

Abin mamaki, Wilm bai san dalili ba. A 1919 Paul Merica da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana cewa tsomawar tana kulle jan ƙarfen a cikin alminiyum fiye da yadda zai iya riƙewa, sai ya riƙa tattaruwa a hankali cikin ƙananan ƙwayoyi masu hana ƙarfen lanƙwasa. Ba a ga alamarsu ba sai 1938, lokacin da Guinier a Faransa da Preston a Ingila, kowa da nasa binciken, suka gano su da hasken eksire. Wilm ya riga ya rasu a 1937, bayan ya bar bincike ya koma noma.

Masu ƙera jirage kuwa sai da suka koyi jinkirta abin. Ƙusoshin da ake ɗinke jikin jirgi da su, in an tsoma su, firji ake sa su, don kada su yi tauri kafin a buga.