Bokitin Bakin Ƙofa: Daga Marisuwa Zuwa Korona

Wanda ya zagaya ofisoshi da shaguna a yau, daga Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, har zuwa Zuru da Birnin Kebbi, da wuya ya rasa ganin wani bokitin roba mai famfo a gindinsa, an jingine shi a lungu, ƙura ta rufe shi. A shekarar 2020 babu mai shiga banki ko asibiti sai ya tsaya a gabansa ya wanke hannu. Yau ya zama na tarar ruwan sama.

Ba wannan ne karon farko da annobar numfashi ta same mu a bakin aiki ba. A watan Satumba na 1918 jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas ɗauke da masu wata mura mai kisa. Daga tashar jiragen ruwa cutar ta hau layin dogo, wanda ya isa Kano tun 1911, ta bi ma'aikata da fasinjoji. Inda dogo bai kai ba, kamar ƙasar Zuru, hanyar cuta ita ce hanyar fatake da masu cin kasuwa. Kakanninmu suka sa mata suna Marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba.

A Legas hukumar Turawa ta rufe makarantu da wuraren taro, ta shiga bin gida-gida tana feshi da killace marasa lafiya. Tsoro ya sa mutane da yawa suka gudu garuruwansu, suka tafi da cutar a ƙirjinsu. Likitocin ma a duhu suke laluben, domin sai a 1933 aka gano ƙwayar da ke kawo murar ɗan Adam.

Bayan shekara ɗari da biyu labarin ya maimaita kansa, sai dai jirgin sama ne ya maye gurbin na ruwa. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya da ya zo aiki Nijeriya. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Ogun da Abuja. A watan Afrilu masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawarwaki, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce a cikin mace-mace 979 da aka bincika, fiye da rabi na iya zama sanadin korona.

A lokacin ne bokitin ya cika gari. Wata masaniyar kimiyya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi saboda wuraren da babu ruwan famfo. Muka goge tebur da maƙullin ƙofa da waya, aka yi ta feshi a kasuwanni da tashoshin mota, alhali tagogi suna rufe. Sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ƙwayar tana iya ratayewa cikin iskar ɗakin da ba ya samun iska, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ce kamuwa ta hanyar taɓa kaya ba shi da yawa. Ashe mun tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta sama.

Wanke hannu bai faɗi ƙasa banza ba. Sabulu yana narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar mura da ta korona, yana kuma rage gudawa da kwalara. Amma shi kaɗai bai isa ba. Abin da shekarun nan biyu suka nuna shi ne cutar numfashi tana bin inda muke taruwa neman abinci: tasha, kasuwa, aji, shagon tela, ɗakin jira na sakatariya.

Akwai kuma abin da feshi ba ya gyarawa. Yaron shago ko kwandastan da ake biya kullum ba zai kwanta a gida don tari ba, domin ranar da bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Maigidan da ya ce masa, “Je ka huta, kuɗinka na nan,” ya kare sauran yaransa da masu ciniki fiye da jarkar magani goma.

Hunturu na zuwa duk shekara, mu rufe tagogi saboda sanyi da ƙura, mu cunkusu a mota muna tari a fuskar juna. Kakanninmu na 1918 ba su san abin da ke kashe su ba. Mu mun sani, kuma rigakafin bai fi ƙarfinmu ba: taga a buɗe, takunkumi ga mai tari, hutu ga mara lafiya, sabulu da ruwa a bokitin nan da muka jingine a lungu.