Makaranta da Shirin Gobe: Waiwaye a Kan Tsarin 6-3-3-4 a Minna

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu waiwayi tarihin ilmin boko a Minna, domin mu gano ko makaranta ta shirya ɗalibi ga rayuwar da ke jiransa bayan ya bar aji.

2.0 Zamanin Turawa

Minna ta bunƙasa ne sanadiyyar hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911. Makarantun wancan zamani sun fi mayar da hankali ga samar da akawu da malamai da ma'aikatan En'e. Wanda duk ya iya karatu da rubutu da lissafi, aiki yana jiransa.

3.0 Sabon Tsari

Bayan samun 'yanci, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya nuna cewa irin wannan ilmi ba zai riƙe ƙasa ba. Daga nan aka samu Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, sannan tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982. A lokacin Minna ta riga ta zama babban birnin Jihar Neja tun 1976, shekarar da shirin ilmin firamare kyauta ya cika azuzuwa da yara. Manufar tsarin ita ce ɗalibin ƙaramar sakandare ya koyi kafinta da aikin ƙarfe da haɗa wutar lantarki, ta yadda ko bai ci gaba ba zai iya dogaro da kansa. Kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna a 1983 ya ƙara ƙarfafa wannan fata.

Sai dai a makarantu da dama a faɗin ƙasar, injunan da aka shigo da su sun yi tsatsa cikin akwatuna, saboda rashin ƙwararrun malamai da ɗakunan aiki da lantarki. Haka kuma, manufar ta tanadi a koyar da yaro shekaru ukun farko da harshen uwa ko na muhallinsa, wato Gwaranci ko Nufanci ko Hausa a nan, amma littattafai da keɓaɓɓun kalmomi sun yi ƙaranci. Saboda haka yaro ya koma haddar Ingilishi ba tare da fahimta ba.

Abu na uku shi ne jarrabawa. An kafa hukumar NECO a 1999 da hedikwata a Minna, ta kuma gudanar da jarrabawarta ta farko a 2000. Amma da yake takardar shaida ce ke buɗe ƙofar jami'a, malami kan koyar da abin da za a tambaya, ya ajiye abin da hannu zai koya.

4.0 Kammalawa

Bisa ga wannan, muna ganin cewa manufar 1977 ba ta gaza wajen hangen nesa ba. Wajen aiwatarwa aka samu tangarɗa. Muna ba masu tsara manhaja shawarar kada a ƙara wani darasi sai an tanadi malaminsa da kayan aikinsa da littafinsa cikin harshen da yaro ke ji, an kuma fayyace yadda za a auna shi.