Rikicin Kobe: Wa Ke da Ikon Cewa "Mun Yarda"?

Mun saba ɗaukar waya mu aika saƙo daga Kano zuwa Jidda ba tare da mun tambayi yadda na'urorin kamfanoni daban-daban suke fahimtar juna ba. Amsar ita ce akwai ƙa'idojin da kowa ke bi, kuma yawancinsu wata ƙungiyar injiniyoyi mai suna IETF ce ke rubuta su. Ta fara zama a watan Janairun 1986 a San Diego ta Amurka da mutum 21. Ba ta da katin zama mamba, ba ta kaɗa ƙuri'a a ƙananan kwamitocinta. To, idan ba a ƙirga hannuwa, ta yaya ake sanin an yarda? Wannan tambaya ta kusa raba kan masu intanet a 1992.

A lokacin an hango cewa adireshin intanet zai ƙare. Tsarin da ake amfani da shi, IPv4, adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake iya bayarwa, ga shi ana rabon su da almubazzaranci. A watan Yunin 1992 majalisar dattawan da ke saman IETF, wato IAB, ta zauna a birnin Kobe na Japan, ta ba da shawarar a gina sabon tsari a kan CLNP. Wannan kuwa ɓangare ne na OSI, tsarin da hukumar ƙa'idoji ta duniya da gwamnatoci da dama suke mara wa baya, wanda injiniyoyin intanet suka daɗe suna yi wa kallon kishiya.

Hayaniya ta tashi. Wasu sun soki fasahar, amma abin da ya fi ƙona ran jama'a shi ne hanyar da aka bi: mutane ƙalilan sun yanke hukunci a kan abin da ake cikin tattaunawa. Da aka hallara a Kambirij ta jihar Massachusetts a watan Yuli, IAB ta janye. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin IP, ya tuɓe kwat ɗinsa a gaban taro, ya nuna 'yar riga mai rubutun goyon bayan IP, zauren ya ɗauki shewa. A nan ne David Clark na jami'ar MIT ya faɗi maganar da ta zama taken ƙungiyar: ba su yarda da sarakuna ko shugabanni ko ƙuri'a ba, abin da suka amince da shi shi ne fahimtar juna gwargwadon hali da kuma manhajar da aka gwada ta yi aiki.

Bayan taron aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Steve Crocker don gyara tsarin. Ikon amincewa da ƙa'idoji ya bar hannun IAB ya koma ga IESG, majalisar daraktocin sassan IETF. Masu zaɓen shugabanni kuma aka ce a riƙa tsamo su ta hanyar canki-canka daga cikin 'yan sa-kai. Sabon tsarin adireshin, IPv6, ya fito a watan Disambar 1995.

Sai dai kada mu zaci an kashe maganar. A zaurukan IETF, idan ana son jin ra'ayi, akan ce masu goyon baya su rufe baki su yi "hmmm", sannan masu adawa su yi nasu. Shugaban kwamiti ne ke saurare ya ce ga inda aka karkata. Wato ikon da aka ƙwace daga dattawa, wani kasonsa ya koma kunnen mutum ɗaya ko biyu. A 2014 Pete Resnick ya rubuta takarda mai lamba RFC 7282, inda ya nuna cewa ba ƙarfin sauti ne ma'auni ba: ko mutum ɗaya ne ya kawo matsala ta gaskiya, sai an duba ta an ba ta amsa, ko da ba a bi ra'ayinsa ba.

Mun ga iyakar wannan hanya a rikicin bidiyon WebRTC. Google na son VP8, Cisco da wasu na son H.264, kuma akwai kuɗin lasisi a tsakiya. A taron Vancouver na 2013 aka tashi baram-baram, har wasu suka kawo shawarar a koma ga ƙuri'ar da aka ƙi tun farko. Sai a Honolulu a 2014 aka daidaita: manhajojin shiga intanet su ɗauki duka biyun.

Mukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Tarihin IETF ya nuna mana mutanen da suka ƙi miƙa wuya ga kowanne daga cikinsu, kuma farashin da suke biya shi ne jinkiri da gardama. Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya ji shugaba ya ce "to, mun yarda ke nan" alhali bakinsa cike da magana, ya san dalilin da ya sa suka zaɓi su biya.